Kwanon Nna

Tun ina yarinya a Wusasa, babu labarin da ya kai na Turawan mishan daɗi a bakin Kakata. Ita ba ta riski zamanin da Likita Mila ya zauna a cikin birnin Zariya ba, kafin mishan ta dawo Wusasa a 1929, amma ta yi wa waɗanda suka biyo bayansa aikatau, ta kuma haddace duk wani tuntuɓen harshe da suka yi. Akwai wata Baturiya, in ji ta, da ta ce wa kuku ya yi mata miyar kuka, sai dai yadda ta karya muryar ya sa maganar ta fito kamar miyar hawaye take nema. Kaka takan kwaikwayi matar, ta ɗaga hanci, ta maƙale murya, mu kuwa mu yi ta birgima a kan tabarma don dariya. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina yadda matar nan take kwana ba, ko da wa take hira idan rana ta faɗi. A wurina ɗan mishan mutum ne mai mota da akwatin magani, wanda ya zo bayarwa, ba ya kuma bukatar kome a wurin kowa.

A farkon 2022 sai ga ni a gurbin matar nan. Ƙungiyar bishara ta ikilisiyarmu ta aike mu ƙasar Gambiya, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara huɗu. Ranar sallama majami'a ta cika, 'yan zumuntar mata suka buga tulu har hannuwansu suka yi ja, dattawa suka ɗora mana hannu suka yi addu'a. Innata kaɗai ce ba ta ce uffan ba. Da dare ta shigo ɗakina ta cusa ƙullin daddawa da na kuka da na yaji a ƙasan jakata, ta ce, “Ki riƙa cin abinci.” Iyakar wa'azinta ke nan.

Daga Legas muka hau jirgi zuwa Banjul, daga nan kuma muka shiga motar haya irin wadda suke kira gelegele, muka nufi gabas. Gambiya siririyar ƙasa ce da ta miƙe a gaɓar kogi guda, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da bakin teku. Tsakanin Banjul da Basse akwai kusan kilomita 370, ƙauyen da aka tura mu kuwa yana gaba da Basse kaɗan. Muka isa da yamma, ƙura ta yi mana hoda, ga katifa naɗe a kan mota.

Abu na farko da aka ce mu yi shi ne mu kai wa alkalo gaisuwa da goro. Da na ji sunan sai na zaci kotu za a kai mu, ashe a can alkalo mai gari ne, ba mai shari'a ba. Dattijon ya karɓi goro, ya dube mu, ya leƙa bayanmu, sa'an nan ya tambayi tafinta, ina tubab ɗin? Wato ina Baturen? An gaya masa 'yan mishan za su zo, ga shi kuwa baƙaƙe ne kamarsa suka sauko daga gelegele. Maigidana bai ɓoye masa kome ba. Ya ce mu Kirista ne, mun zo mu buɗe ajin karatu na yara da na manya, wanda kuma ya tambaye mu bangaskiyarmu za mu gaya masa. Alkalo ya yi shiru yana ɓare goro. Can ya ce a garinsu baƙo ba ya zama sai da mai masauki, ya sa aka kai mu wani ɗaki ciki da falo da ke jingine da gidan wata dattijuwa, danga ce kawai tsakaninmu. Kafin gari ya waye matan gidan sun raɗa mini suna Fatu, sunan da Mandinka suka saba bai wa 'yar fari. Dattijuwar kuwa na bi 'ya'yanta ina kiranta Nna, wato uwata, kalmar da ba ta yi nisa da Innarmu ba.

Harshe ne ya fara karya ni. An gaya mana Ingilishi ne harshen hukuma a Gambiya, gaskiya ne kuma, amma iyakarsa ofis da makaranta da asibiti. A bakin famfo da kasuwa Mandinka ake yi da Fillanci da Sarahule. Ɗan Fillancin da na tsinta a Gombe lokacin bautar ƙasa ya kai ni ga sayen nono, domin kosam kosam ne a can ma, ruwa kuma ndiyam, amma da zance ya yi tsawo sai a bar ni a baya. Ni da na shekara tara ina koyar da Hausa a sakandare, ina jan jan biro a kan rubutun yara, na koma bebiya mai nuni da yatsa. Gaisuwa kaɗai ta ɗauke ni makonni. A tambaye ka lafiya, ka ce kayira doron, lafiya kaɗai. A tambayi mutanen gida, ka ce suna nan. A sake kewayowa, kai kuma dole ka mayar da tambayar, in ba haka ba an ɗauke ka mai girman kai. Idan na kuskure, matan sukan tuntsire da dariya, wata ta maimaita abin da na faɗa da irin muryata. Rannan ina tsaye da bokiti sai na ga wata yarinya ta ɗaga hanci tana kwaikwayona, tamkar Kaka ce ta dawo duniya. Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa, na daɗe ina tunanin Baturiyar miyar kuka. Na so a ce na san sunanta.

'Yata kuwa cikin wata uku bakinta ya buɗe. Ita ta zama tafintata a kasuwa, tana tsaye a gindin zanena tana yi mini ciniki. Akwai ƙasƙanci a cikin wannan, ba zan ɓoye ba. Amma rashin baki ya ba ni abin da ban taɓa samu ba a gida, wato kunne. A Kaduna, inda muka zauna bayan aure, ni ce mai jawabi a taron mata, ni ce mai ba da shawara. A nan sai na zauna a gefen tabarma sa'o'i, ina tsinke zogale, ina kallon wa ke magana da wa, wa ke cikin damuwa, wace ce mijinta ya bi hanyar hamada da teku zuwa Turai shekara biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Abin da ba su ƙara ba shi ne, makaho yakan riga kowa jin takun mai zuwa.

Aikin yau da kullum ba shi da wani abin ba da labari, shi ne kuma ya cinye rabin ƙarfina. Layin famfo tun da asuba. Zafin watan Afrilu da Mayu da yakan haura digiri 40, har mu kwana a waje kan tabarma. Takardar izinin zama da ake sabuntawa kowace shekara, duk da cewa mu 'yan ƙungiyar ECOWAS ne. Sai kuma shinkafa, rana da dare, har na riƙa mafarkin tuwon dawa. Ƙullin Inna bai kai wata huɗu ba ya ƙare. Ranar da na kankare ƙasan ledar daddawa na ji kamar an yanke wata igiya.

Mako biyu bayan haka, a kasuwar mako da suke kira lumo, wani wari ya tsayar da ni cak. Na bi shi da hanci har gaban wata mata mai faranti. Daddawa ce, ta kalwa, ba ta da maraba da tamu, sunanta kawai ya zama netetu. Na tsuguna a gaban matar ina hawaye, ita kuwa ta rasa abin da ta yi mini. Daga ranar sai idona ya fara buɗewa: zoɓo shi ne wonjo, acca ita ce findi, domoda kuwa 'yar'uwar miyar gyaɗarmu ce, sai dai ta fi kauri. Bishiyar kuka ma tana nan tsaye a bayan gari, suna jiƙa 'ya'yanta su sha da sukari. Na yi tafiyar dubban kilomita ina zaton na bar duniyata, ashe gefenta kawai na koma.

A cikin waɗannan watanni duka, kullum da azahar wani kwano mai murfi yakan ƙetaro danga. Nna ce ke aikowa: shinkafa da domoda, ko shinkafa da kifi, wani lokaci fate. Da fari na ji nauyi ƙwarai. Mu ne fa aka aiko mu kawo taimako, ga gwauruwa mai noman gyaɗa tana ciyar da mu. Na sa 'yata ta ce mata mun gode, amma ta daina wahalar da kanta. Nna ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce a gaya mini, baƙon da ya ƙi kwanon mai masaukinsa, to wani abu yake ɓoyewa a ciki. Ban sake ba. Na koyi in mayar da kwanon da ɗan abu a ciki, ko sukari ko sabulu, in kuma ce abaraka. Idan ta kira ni mu ci tare, takan gutsuro kifi da yatsunta ta turo gabana, kamar yadda ake yi wa yaro.

Akwai wani alheri na zaman nan da har yau nake jin kunyar faɗarsa. Na yi barci. A Kaduna, tun bayan rikicin 2000, gari ya rabu, kowa ya koma ɓangaren da masu addininsa suka fi yawa, mun kuma saba kwana da kunne ɗaya a buɗe. A Gambiya Kirista ba su kai biyar cikin ɗari ba, a ƙauyenmu kuwa mu kaɗai ne sai wani malamin firamare da matarsa. Duk da haka ban taɓa jin tsoron kiran salla ba, shi ne ma agogona na zuwa famfo. Ranar Babbar Salla, wadda suke kira Tobaski, nama ya yi ta shigowa har muka rasa inda za mu shanya. Lokacin Ista matar malamin ta koya mini dama nanburu, wani haɗi na garin shinkafa da 'ya'yan kuka da Kiristocin ƙasar ke rarraba wa maƙwabtansu Musulmi, na bi gida gida da shi. Sai na riƙa tambayar kaina, mu da muka baro garin da maƙwabci ke tsoron maƙwabci, me muka zo koya wa mutanen nan game da zaman tare?

Ranar Lahadi ce dai ba ta da daɗi. Mu biyar a gindin mangwaro, babu tulu, babu amshi. Maigidana yakan yi wa'azi kamar mutum ɗari ke gabansa, ni kuwa in ɗaga waƙa muryata ta fita ita kaɗai, ta rasa wadda za ta jingina da ita.

A watan Oktoba na shekararmu ta farko, ƙarshen damina, zazzaɓi ya kama 'yata. Lokacin ƙasar tana cikin makoki. Yara kimanin 70 sun mutu da ciwon ƙoda bayan shan wasu magungunan tari da na zazzaɓi na ruwa da aka shigo da su daga waje, hukuma ta hana sayar da irinsu, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi. Kowace uwa tana duban kwalbar magani kamar maciji. Maigidana yana wani ƙauye a ƙetaren kogi, wayarsa ba ta shiga. Da tsakar dare jikin yarinyar ya yi zafi kamar garwashi, ta fara sambatu, abin da ya fi tsorata ni kuma da Mandinka take yinsu, ban ma san me take cewa ba. Ga kwalba a cikin akwatina da na zo da ita daga gida, na ɗauka na ajiye ya fi sau biyar. Na durƙusa zan yi addu'a, kalma ta ƙi zuwa. Sai na tashi na buga danga.

Nna ba ta tambaye ni kome ba. Ta taɓa goshin yarinyar, ta jiƙa zane ta lulluɓe ta, ta ta da ɗanta ya fito da babur. Ita ta goya 'yata, ba ni ba, domin hannuna rawa yake yi. Muka hau mu uku a bayan yaron cikin taɓo da duhu, ina jin leɓenta na motsi, tana karanto abin da ta sani, ni ma ina karanto nawa. A asibiti aka ɗiba jini a yatsa, aka ce cizon sauro ne, aka yi mata allura, daga baya aka ba mu ƙwayoyi. Nna ta zauna a kan siminti har gari ya waye, sau ɗaya ta tashi, ta yi alwala ta yi sallar asuba a baranda, ta dawo ta karɓi yarinyar ta ce in runtsa.

Bayan mako biyu, muna ɓarar gyaɗa, na tattara ɗan Mandinkan da na mallaka na ce mata ina yi mata addu'a kullum. Ta yi murmushi ba ta ɗago ba. Ta ce, “Fatu, na san abin da ya kawo ku. Kuna so mu bi hanyarku. Ni ma duk asuba ina roƙon Allah ya kawo ki tawa.” Muka yi dariya har 'yata ta leƙo. Amma dariyar ba ta kashe maganar ba, domin daga ni har ita babu mai wasa.

Ƙarshen kowane wata uku mukan aika rahoto gida. Akwai gurbin yawan waɗanda suka zo aji, da yawan waɗanda aka yi wa bishara, da yawan waɗanda suka karɓa. Masu karantawa mutanen kirki ne, da yawansu talakawa da ke cire baiko daga kuɗin cefane domin mu ci, suna da hakkin su san abin da ake ciki. Maigidana ya ce in rubuta labarin daren nan, a sa sunan Nna cikin jerin waɗanda za a yi wa addu'a. Na ce, “Malam, ban iya ba.” Ya ce, “Don me? Ba kya so ta sami abin da kika samu?” Ina so. Ban bar gidan ubana don yawon buɗe ido ba, abin da na gaskata kuma ban sauka daga kansa ba. Amma na kasa mayar da matar da ta goya 'yata cikin taɓo ta zama lamba a gurbin takarda, a karanta ta a gaban taro kamar gonar da ake jira ta nuna. Mun yi kwana biyu muna ja, irin jan da ba mu taɓa yi ba a Kaduna, inda akwai iyaye da abokai da za a kai wa ƙara. A nan babu kowa, dole mai ɓata maka rai shi ne kuma abokin hirarka. A ƙarshe ya rubuta cewa wata maƙwabciya ta taimake mu, ya bar gurbin suna fari. Har yau ban tabbata wanene mai gaskiya a cikinmu ba.

Sai kuma kuɗi. Da naira ake tara mana tallafi, mu kuwa da dalasi muke sayen shinkafa. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuma ta kai wajen 1,500. Mutanen gida ba su rage ko kwabo ba, su ma cire tallafin man fetur ya gigita su, amma abin da ke isowa hannunmu ya narke kamar ƙanƙara a rana. Muka daina sayen nama. Maigidana, mai digiri a tauhidi, ya roƙi alkalo fili ya shuka gyaɗa, 'ya'yan Nna suka koya masa yadda ake bin garmar jaki, suna yi masa dariya yadda kunyarsa ke karkacewa. Abin mamaki, a gonar nan ne maza suka fara sakin jiki da shi. Wanda ya shekara yana gaishe su suna amsawa a taƙaice, sai ga shi ana kiransa shan ataya, ana zaune har a zagaya kofi na uku.

A cikin wannan ƙuncin ne aka bugo waya cewa Inna ba ta da lafiya. Kuɗin jirgi ya fi abin da muke samu a wata da yawa. Na ce bari a ga ƙarshen wata. Ba ta kai ƙarshen wata ba. Na kalli jana'izar uwata a WhatsApp, a tsaye kan wani tudu a bayan gari inda waya ke kamawa, hoton yana tsayawa yana tafiya, muryar 'yan zumunta tana yankewa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na sha faɗar karin maganar nan a aji, ina neman yara su kawo ma'anarta.

Da na sauko daga tudun na tarar an share ƙofar ɗakinmu an shimfiɗa tabarmi. Matan unguwa suka yi ta zuwa, wannan da ɗan sukari, wannan da mudun shinkafa, wannan ta danƙa mini dalasi biyar a tafin hannu. Ba su san Inna ba, ba su san yadda Kirista ke zaman makoki ba, suka yi mini irin nasu. Kwana uku Nna ba ta bar ni na hura wuta ba.

Yanzu wa'adinmu na farko ya kusa cika, an tambaye mu ko za mu sabunta. Maigidana yana so. Ni kuwa ran da na tashi da kewar gida sai in ce a'a, ran da na ji 'yata tana waƙa da ƙawayenta a bakin famfo sai in rasa ta cewa. Hausarta ta fara karkacewa. Rannan ta ce mini tana son miyar kuka, ta karya muryar daidai inda Baturiyar Kaka ta karya, na buɗe baki zan gyara mata sai na fasa.

Na aiki yara suka tsinko mini ganyen kuka, na shanya a inuwa na daka na tankaɗe. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya da netetu da busasshen kifi, na zuba a kwanon Nna na miƙa ta kan danga. Da la'asar kwanon ya dawo a wanke, da 'yan mangwaro uku a ciki. Na tambayi 'yata me ta ce.

“Ta ce ya yi daɗi. Amma wai me ya sa kika dame shinkafar haka, ko haƙoranki ne ke ciwo?”